Ma'aunin Ruwa da Ƙaro a Sana'ar Zayyana a Ƙasar Daura

A ƙasashen Turai akwai masu shafa wa 'yan ƙananan gumakan wasa fenti, waɗanda tsawonsu bai kai ɗan yatsa ba. Dabarunsu manya biyu ne: tsinka fenti da ruwa har ya kwanta lafiya, da gauraya launi biyu a jikin abin tun suna ɗanye, don ɗaya ya narke cikin ɗaya. A ƙasar Daura, aikin da ya fi kusa da wannan shi ne na alarammomi masu rubuta Alƙur'ani da hannu, da masu zayyana allon sauka. Dabara ta fari sun daɗe da ita. Ta biyu kuwa gudunta su kan yi, kuma da dalili.

Kalmomin sana'ar kansu suna nuna inda ta fito. Allo da alƙalami da zayyana duk aro ne daga Larabci. Haka kuma tawada, wadda wasu ke kira tadawa: asalinta kalmar Larabci ce mai nufin mazubin tawada, watau abin da Bahaushe ke ce wa kurtu.

Baƙar tawada iri biyu ce. Ta allo da gawayi ko baƙin tukunya a kan yi ta, a niƙa, a dama da ruwa da ƙaro, a tace. Wannan a bisa itace ta ke zama, ba ta shiga ciki, shi ya sa almajiri ke iya wanke allonsa. Ta takarda kuwa ita ce yambari. A kan jiƙa 'ya'yan bagaruwa, waɗanda majema ke jima da su, tare da ƙarfe ko kashin maƙera. Ɗacin bagaruwa ya kan kama ƙarfen, sai ruwan ya yi duhu, ya kuma ƙara baƙi bayan ya sha iska. Yambari cikin takarda ya ke shiga, ba ya wankuwa. Amma in ƙarfen ya yi yawa, da shekaru sai ya cinye takardar, a ga harafi ya zama huda.

Ƙaro shi ne ke riƙe launi, kuma shi ɗin ne Turawa ke sawa cikin fentin ruwa nasu. To, a nan gwaninta ta ke. In ƙaro ya yi yawa, tawada ta yi ƙyalli, ta ƙi sauka daga alƙalami, in ta bushe ta tsattsage, ko shafi ya manne da shafi lokacin damina. In ya kasa, hannu ya goge ta kamar ƙura. In ruwa ya yi yawa, sai ta yi naso. Ba kuwa ma'auni guda da zai wadatar duk shekara, gama ƙasar Daura tana kusa da bakin hamada: da hunturu tawada kan kafe a bakin alƙalami, tilas a riƙa ɗiga mata ruwa, da damina kuwa sai a rage. Saboda haka marubuci kan gwada ta a ɓallin takarda tukuna.

Dalilin ƙin gauraya launi a bisa shafi shi ne, a Alƙur'anin riwayar Warshu kowane launi da aikinsa. Baƙi na baƙaƙe ne, ja na wasali, rawaya na hamzar da a ke furtawa, kore na alifin da a ke sadarwa. In rawaya ta yi naso cikin kore, ba ado kaɗai ya ɓaci ba, karatu ne ya rikice. Don haka a kan gama baƙi, a bari ya bushe sarai, sa'an nan a bi da ja, sa'an nan sauran. Ko a zayyanar alamar izu ko ta allon sauka, da baƙi a kan fara ja iyakoki, kāna a cika kowane gida da launinsa. In za a gauraya launi, cikin kurtu a ke yi.

A da, ja daga jar ƙasa ta ke fitowa, rawaya kuwa daga zarnik, wanda dafi ne, ba a kai shi baki. Bayan da aka gano rinin sinadari a Ingila a 1856, galura ta bazu har kasuwannin ƙasar Hausa. Galura ta fi haske da sauƙin damawa, amma narkewa ta ke yi cikin ruwa ɗungum, saboda haka ta fi saurin naso, rana kuma na koɗar da ita. Mai aiki da ita tilas ya ƙara lura da ƙaro, in yana son jikoki su karanta abin da ya rubuta.