Shek Sante da Katin CSU: Me Gwamnati Ta Ɗauke Maka, Me Ya Rage a Wuyanka?

Ka sha jin ana cewa asibiti ya zama kyauta a Kamaru. Wani ya ji a rediyo, wani ya ji a kasuwa, wani kuma a bakin maƙwabci. Akwai gaskiya a cikin maganar, amma ba duka ba ne. Wanda ya ɗauka kome kyauta ne yakan zo hannu rabbana, ya yi ta faɗa da mai karɓar kuɗi. Wanda bai yarda da maganar ba sam yakan ajiye mara lafiya a gida saboda tsoron kuɗin da ba za a ma tambaye shi ba. Na biyun nan ya fi ba mu tsoro, domin shi ne yake kawo mana yaro bayan jikinsa ya riga ya saki.

A ranar 12 ga Afrilu 2023 ministan lafiya, Dokta Manaouda Malachie, ya buɗe kashi na farko na shirin da ake kira Couverture Santé Universelle, ko CSU a taƙaice, a garin Manju kusa da Bartuwa. Manufarsa ita ce kada rashin kuɗi ya hana mutum magani. Dalilin kuwa kowa ya san shi a aljihunsa: a ƙasar nan, wajen kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga hannun iyalai yake fita kai tsaye. Amma ka lura da kalmar "kashi na farko". Ba dukan cututtuka aka ɗauka ba, ba kuma dukan mutane ba. An fara da mata masu ciki, da yara 'yan ƙasa da shekara 5, da masu wasu cututtuka da aka ambata da suna.

Bari mu fara da mai ciki, domin a nan ne aka fi yin asarar rai.

Shek Sante ya girmi CSU. An soma shi a 2015 a jihohin Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa, da taimakon ƙasashen Faransa da Jamus, daga baya aka kai shi Gabas da Kudu. A lokacin, binciken ƙasa na 2011 ya nuna mata 782 suna mutuwa a cikin kowace haihuwa 100,000. Binciken 2018 ya ba da 406. An samu sauƙi, amma har yanzu babu ƙauyen da bai san gidan da aka yi irin wannan rashi ba.

Kuɗin shek ɗin sefa 6,000 ne, wato jaka shida, sau ɗaya domin ciki ɗaya. Da shi za a yi wa matarka awon ciki, da gwajin jini da na fitsari, da hoton ciki. Da shi za ta haihu a hannun ungozomar asibiti. Idan haihuwa ta zo da gardama har sai an yi aiki an ciro ɗa, shek ɗin ya ɗauke. Bayan haihuwa kuma ana duba uwa da jariri har kwana 42. Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin aikin ciki daga aljihunsa ya san cewa akan sayar da sa, ko a jinginar da gona, kafin a gama.

To, maigida, ga inda ake yin kuskure. Mutane da yawa suna jira sai ciki ya kai wata takwas, ko ma sai naƙuda ta tashi, sannan su fara neman shek. Kuɗin ɗaya ne, ko ka saya a wata na uku ko a wata na tara. Wanda ya makara ya biya cikakken kuɗi, ya kuwa zubar da rabin amfanin. A wajen awo ne ake gane hawan jini tun kafin ya zama jijjiga. A nan ake gane ƙarancin jini, a ba da ƙwayoyin ƙarin jini. A nan ake ba da maganin kare mai ciki daga zazzaɓin sauro tun daga wata na huɗu, da gidan sauro mai magani, da allurar hana ciwon sanƙarar jarirai da ke shiga ta cibiya. A nan kuma ake ganin ko ɗa ya kwanta a gicciye, a ce muku tun da wuri kada ku yarda ta haihu nesa da inda ake yin aiki. Na san ana jin kunyar cikin fari, na san kuma wasu ba sa son a san da ciki tun yana ƙarami. Ungozoma ba ta kai labari kasuwa. Ki zo da zarar kin yi ɓatan wata biyu ko uku.

Abu biyu shek ɗin bai iya yi muku ba. Bai iya kawo mace daga ruga zuwa bakin hanya da tsakar dare a cikin damina. Tun ciki yana wata bakwai ku san mai babur ko mai motar da za ku kira, ku ajiye lambarsa da kuɗin mai. Bai kuma iya ƙirƙiro jini. Idan jini ya ɓalle wa mai jego, jinin mutum ake sa mata, kuma sau da yawa sai dangi sun bayar. Ku shirya mutum biyu ko uku masu ƙarfi waɗanda ba za su gudu ba in an ce a miƙa hannu. Mai lafiya ba ya mutuwa don ya ba da leda ɗaya.

Ka kuma tambaya kafin ka biya: wannan asibitin yana cikin waɗanda aka yarda su karɓi shek? Ba kowane ba ne, musamman na masu zaman kansu. Idan ƙaramin asibitinku ya tura ku babba, ku karɓi takardar turawa, ku riƙe ta tare da shek da karnen awo. Kada karnen ya zauna a aljihun miji yana can wajen fatauci alhali matar tana gida da tsohon ciki.

Sai yara. Yaron da bai cika shekara 5 ba, ganin ma'aikacin lafiya kyauta ne a asibitocin gwamnati a ƙarƙashin CSU. Maganin zazzaɓin sauro ma kyauta ne gare shi. Wannan doka ba sabuwa ba ce: tun 2011 aka ɗauke kuɗin maganin zazzaɓi mai sauƙi, a 2014 aka haɗa da mai tsanani, wato irin wanda yake sa suma, ko jijjiga, ko amai ba tsayawa. Amma ki gane, uwa: idan aka duba aka ga zawo ne, ko ciwon haƙarƙari, ko ƙuraje, ganin likitan ba kuɗi, maganin kuwa za ki iya biya. Saboda haka kada ki fito babu ko dala. Kada kuma ki zauna don ba ki da dala. Jiki ya yi zafi yau, a zo yau ko gobe da sassafe. Zazzaɓin sauro yakan shanye jinin ƙaramin yaro cikin 'yan kwanaki, kuma ƙwayoyin da ake saya a tire a kasuwa sukan kwantar da zafin ne kawai, cutar tana ci a ciki.

Alluran rigakafi na yara duk kyauta ne. Tun 22 ga Janairu 2024 an ƙara da ta zazzaɓin sauro, an fara a gundumomin lafiya 42. Sau huɗu ake yi: a wata 6, wata 7, wata 9, da wata 24. Ta ƙarshen ce aka fi mantawa, don a lokacin yaro ya fara gudu, wataƙila ma an yi masa ƙane. Allurar ba ta maye gurbin gidan sauro ba. A jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa kuma, da damina, ma'aikata suna bin gida gida kowane wata da maganin kariya na yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Ku buɗe musu ƙofa, ku kuma ba yaro ragowar ƙwayoyin na kwana biyu na gaba kamar yadda suka nuna.

Ga manya, abin da aka ɗauke bai yi yawa ba, amma yana da nauyi. Maganin tarin fuka kyauta ne, wata shida ake sha ba fashi. Maganin sida kyauta ne tun 2007, kuma daga 1 ga Janairu 2020 an ɗauke kuɗin gwaji da na ganin likita da na auna yawan ƙwayar cutar a jini. Mai ciwon ƙoda da ake yi wa wankin jini, a da yana biyan sefa 5,000 kowane zama, abin da yake kai 520,000 a shekara. Yanzu 15,000 ne a shekara. Sai dai injin yana manyan garuruwa irin su Garwa da Marwa, kuɗin mota da masauki na nan a wuyan dangi. Hawan jini, ciwon suga, ƙaba, karaya, cizon maciji: waɗannan duk har yanzu kai za ka biya.

Yin rajista ba a biyan kuɗi. Ka je asibitin da ya fi kusa da kai da katin ɗan ƙasa, da takardar haihuwar yara ko karnen rigakafinsu, a rubuta sunayenku. Ka yi tun kowa yana lafiya. Ranar da yaro yake suma ba ranar neman takarda ba ce.

Yanzu maganar da ba ta da daɗi. Za ka iya zuwa da takardunka cif, a ce maka magani ya ƙare, ka je ka saya a waje. Wani lokaci gaskiya ce. Asibiti yana yi wa mai shek aiki ne bashi, sai daga baya a biya shi, kuma biyan yakan yi jinkiri na watanni. In kuɗi bai dawo ba, ɗakin magani ya bushe. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin ƙasa domin lafiya. Kamaru ba ta kai ko rabin wannan ba. A ganina shirin da aka yi mai kyau ne, kuɗin da aka sa masa ne bai kai girman alkawarin ba, kuma ya dace a faɗa wa ɗan majalisa da magajin gari haka in sun zo neman ƙuri'a.

Wani lokaci kuma ba gaskiya ba ce, wani ne yake neman na goro. Yadda za ka bambanta ba wuya. Duk kuɗin da za ka biya, ka biya a wurin karɓar kuɗi, ba a hannun mutum a lungu ba, ka karɓi rasit. Idan aka nemi kuɗi a kan abin da ka san an ɗauke, ka tambaya cikin ladabi: "Wannan ba ya cikin shek ne?" In ba ka gamsu ba, ka nemi shugaban asibitin, ko wakilin ƙauyenku a kwamitin lafiya, ko babban likitan gunduma. Amma kada ka ɗauke mara lafiya ka tafi da shi gida don fushi. A fara magani tukuna, a yi ƙara daga baya.

Akwai gidajen da ko jaka shidan ma ta fi ƙarfinsu, musamman kafin kaka. Zumuntar mata a majami'a, da masu adashi a unguwa, da jama'ar masallaci za su iya ware ɗan asusu domin wannan kaɗai. Mata talatin, kowace ta sa sefa 200, sun saya wa mace ɗaya shek. A zaɓi dattijuwa ɗaya ta riƙe littafin, a riƙa karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban kowa, ita ce kuma za ta raka mai cikin zuwa awon farko ta ga an rubuta sunanta a kan shek ɗin.