Gidajen Niƙa na Bakin Kogi a Ingila: Me Ya Saura, Me Ya Cancanci Adanawa?

A shekarar 1086 Sarki William na Ingila ya baza wakilansa gari-gari su ƙidaya masa dukiyar ƙasar da ya ci da yaƙi shekara ashirin kafin nan. Sun rubuta gonaki da garmuna, dazuzzuka da aladu, suka tattara a kundin da ake kira Domesday. A cikin abin da suka lissafa har da gidajen niƙa sama da 6,000, kuma kusan duk ruwa ne ke juya su, domin masu aiki da iska ba su bayyana a ƙasar ba sai bayan kusan shekara ɗari. Wasu masu niƙan da kuɗi suke biyan haya, wasu da hatsi, wasu kuwa da wani dogon kifi mai siffar maciji da suke kamawa a bakin madatsarsu.

Yau, bayan shekara fiye da 900, masana kayan tarihi a Ingila na bin koguna da rafuka suna tambayar abu biyu: a cikin waɗannan wurare me ya rage, kuma a cikin abin da ya rage wanne ne bai kamata a bari ya salwanta ba?

Wanda zai amsa sai ya fara gane cewa ginin da matafiyi ke hange a bakin kogi yanki ɗaya ne kawai na aikin. Can sama da ginin, wani lokaci da nisan kilomita guda ko fiye, ake gitta madatsa ta duwatsu ko katako don ruwan ya tashi. Daga nan a haƙa magudana ta ɗauko shi a hankali, tana bin gefen tudu, har ta kai shi tafkin da ke bayan gidan. Mai niƙa ya ɗaga ƙofar ruwa, ruwan ya faɗa kan babban wili, wilin ya juya sandar da ke shiga cikin gini, fayafayai masu haƙora su karɓa su miƙa wa dutse. Ruwan da ya gama aiki kuma ya bi wata magudanar ya koma kogi. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ta yanke, wilin ya tsaya ke nan, ko da fentin ginin na sheƙi.

A cikin ginin ma akwai abin kallo. Duwatsu biyu ne masu faɗi, na ƙasa a kafe, na sama yana juyawa, nauyinsa kan kai tan guda, amma ba sa taɓa juna. Ɗan siririn giɓin da ke tsakaninsu shi ke raba gari mai laushi da tsaki. Fuskar kowanne an tsaga mata layuka da ke yanka ƙwaya suna tura gari waje, kuma idan suka dakushe sai a ɗaga dutsen a koɗe shi da gudumar ƙarfe, kamar yadda ake koɗar dutsen niƙa a gidajenmu. Haƙoran wasu fayafayan da itacen tuffa ake sassaƙa su, suna cizon na ƙarfe. Dalili kuwa shi ne, in wani abu ya sarƙe, haƙorin itace ne zai karye, ga shi da arahar sauyawa, sannan ba ya fitar da tartsatsi a ɗakin da ƙurar gari ke iya kamawa da wuta. Dutsen da aka fi so wajen niƙa fulawa daga Faransa ake kawo shi, daga yankin La Ferté-sous-Jouarre, gunduwa-gunduwa, a harhaɗa a ɗaure da ƙarfe.

Gidan niƙa wurin iko ne kuma. A ƙauyuka da dama doka ta tilasta wa talaka ya kai hatsinsa gidan niƙan ubangidansa, a yanki wani kaso a matsayin lada. A garin St Albans mutane suka ƙi, suka ci gaba da niƙa a gida da ƙananan duwatsunsu na hannu. A 1331 shugaban gidan ibadar garin ya sa aka ƙwace duwatsun, aka daɓe wani ɗaki da su. Mutanen ba su manta ba. Bayan shekara 50, lokacin boren talakawa na 1381, suka kutsa ɗakin, suka tone daɓen, suka farfasa duwatsun suka rarraba wa juna gutsattsarin.

Daga niƙan hatsi, ƙarfin ruwa ya shiga bugun ulu, yin takarda, ƙira da wasa wuƙaƙe. A 1759 injiniya John Smeaton ya nuna ta hanyar gwaji cewa wilin da ruwa ke zubo masa daga sama ya ninka wanda ruwa ke turawa ta ƙasa ƙarfi fiye da sau biyu. A 1771 Richard Arkwright ya gina masana'antar kaɗin auduga a Cromford da ruwa ke juyawa, wurin da tun 2001 yake cikin jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO. Faɗuwar ƙananan gidajen niƙa ta zo ne a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da jiragen ruwa suka fara sauke alkamar Amurka mai tauri a Liverpool da Hull da Landan, aka kakkafa manyan injina masu naɗin ƙarfe a bakin tashoshin. Mai niƙan ƙauye ya koma ɓarzar abincin dabbobi, daga bisani ya kulle ƙofa.

Abin da ya rage hawa-hawa ne. Akwai ƙalilan da har yanzu suke niƙa. Akwai waɗanda kayan cikinsu ke nan amma tsatsa ta ci su. Da yawa an mai da su gidajen zama ko wuraren cin abinci, an fitar da injin an bar wili a waje don ƙawa. Wasu kuma ginin ya ɓace ƙurmus, sai wani kwari mai ciyawa da ke ratsa makiyaya, da tarin duwatsu a tsakiyar kogi.

Mai binciken yakan fara daga tebur. Yana buɗe taswirorin harajin gona na wajen 1840, da taswirorin gwamnati na wajen 1880 da suka zana kowace magudana da kowace ƙofar ruwa, ya ɗora su kan na yau. Yana duba hotunan da ake ɗauka daga jirgin sama da hasken leza, masu iya ratsa bishiyoyi su nuna shacin magudanar da ta cike. Sannan ya sa takalmin ruwa ya taka daga madatsa zuwa inda ruwan ke komawa kogi, yana rubuta abin da ya gani gaɓa-gaɓa. Ma'auninsa sun haɗa da daɗewar wurin, ƙarancin irinsa, yawan kayan aikin da suke inda aka kafa su tun asali, takardun da ke ba da labarinsa, da kuma ko sassan suna haɗe har mutum zai iya bin ruwan da ido ya gane yadda aka yi aiki da shi.

A nan ne giɓin yake. Tsarin kare gine-ginen tarihi na Ingila, wanda hukumar Historic England ke riƙe da kundinsa, ya fi ƙarfi a kan bango da rufi. Sau da yawa za a tarar an yi wa ginin rajista, amma madatsar da ke ciyar da shi tana gonar wani, magudanar ta ratsa filin wani dabam, kuma ba wanda ya rubuta su a ko'ina. Alhali a wurare da dama hanyar ruwan ta girmi ginin nesa ba kusa ba: bulon na ƙarni na 18 ne, amma an sha rushewa ana sake ginawa a kan magudana guda tun zamanin Domesday.

Wurin da ido bai ga komai ba ma yana iya fin kowanne daraja, domin laka mai jiƙe tana adana katako. A 1971 masu haƙa suka tono ragowar gidan niƙa na ƙarni na 9 a Tamworth. A Kent, lokacin aikin layin dogo mai zuwa ramin ƙarƙashin teku da ya haɗa Ingila da Faransa, an ci karo da wani na ƙarshen ƙarni na 7. A Nendrum da ke Ireland ta Arewa, zoben shekarun da ke jikin katakon wani gidan niƙa ya nuna an sare itacen wajen shekarar 619, kuma cikowa da janyewar teku ne ke juya shi.

Abin da ya sa aikin ya zama na gaggawa shi ne kifi. Dokar ruwa ta Tarayyar Turai ta shekarar 2000, wadda Ingila ta ci gaba da aiki da tsarinta, ta buƙaci a maido da lafiyar koguna, kuma madatsa na hana kifi hawa zuwa inda yake hayayyafa. Wani bincike da aka wallafa a 2020 ya ƙiyasta shingaye aƙalla miliyan 1.2 a kogunan ƙasashen Turai 36, akasarinsu ƙanana. Shi kansa dogon kifin da ake biyan haya da shi yanzu yana cikin halittun da ke dab da ƙarewa. Masu kare kogi suna da gaskiya: dubban madatsun nan ba sa yi wa kowa aiki. Masu kare tarihi ma suna da tasu, domin motar haƙa ba ta bambanta kankaren 1960 da turakun da aka kafa shekara 800 da suka wuce. A Faransa rigimar ta kai majalisa, har a watan Agustan 2021 aka yi dokar da ta hana a ɗauki rushe madatsar gidan niƙa a matsayin hanyar buɗe wa kifi kogi.

Tantancewa ita ke raba gardamar. Idan an san wace madatsa ce tsohuwa, wacce ce ke haɗe da wili mai rai, wacce ce kuma ba ta da wani labari, sai a rushe marar labarin bayan an auna ta an ɗauki hotonta, a yi wa ɗaya daga cikin sauran matakalar kifi a gefe, a bar ɗayar yadda take. A Winchester, gidan niƙan da aka sake ginawa a 1744 ya koma fitar da gari a 2004 a hannun ƙungiyar National Trust, bayan kusan shekara 90 yana zaune. A garin New Mills, mazauna suka haɗa kuɗi a 2008 suka kafa injin lantarki a gefen tsohuwar madatsarsu.

Sauran matsalar ta hannu ce. Ƙungiyar SPAB, wadda William Morris ya kafa a 1877, tana da sashe na musamman kan gidajen niƙa, kuma kowane watan Mayu masu su kan buɗe ƙofa ga jama'a na kwana biyu. Sai dai masu sana'ar gyaran wili da koɗar dutse sun yi ƙaranci har ƙungiyar Heritage Crafts ta sa sana'ar cikin waɗanda ke dab da mutuwa a Birtaniya. Shi ya sa SPAB ta fara ɗaukar matasan kafintoci da maƙera tana tura su wurin tsofaffin gwanayen da suka rage, su koyi yadda ake daidaita dutse mai nauyin tan guda a kan sanda ɗaya ba tare da ya karkata ba.