Gaskiya ko Jita-jita: Bajamushen da Ya Yi Noma da Dafa Giya a Teksas

Duk wanda ya karanta tarihin Amurka ya ci karo da labarin Bajamushen da ya sauka daga jirgin ruwa ba ko sisi, ya kama noma, ya buɗe wurin dafa giya, kafin ka ce kwabo ya zama attajiri. An maimaita labarin har ya zama kamar tatsuniya. Giya haramun ce a Musulunci, kuma ba tallarta ya kawo ni ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda ake shafe wahalar dubban iyalai da labarin mutum biyu ko uku da suka dace. Don haka bari mu auna maganganun da rayuwar mutum guda, Heinrich Kreische, wanda ya zauna a bisa wani tsauni kusa da garin La Grange a jihar Teksas.

Ana cewa Jamusawan sun iso ne hannu rabbana. Wannan rabin gaskiya ne. Kreische ya baro ƙasar Saksoni ya sauka a Galveston a 1846, lokacin da babu ma ƙasa guda mai suna Jamus, domin sai a 1871 aka haɗe masarautun. Shekarun yunwa ne, cutar dankali ta cinye amfanin gona, kuma gonakin gado sun tsuke. Amma matalaucin gaske ba ya iya ketare teku. Ƙungiyar Adelsverein, wadda wasu 'ya'yan sarauta suka kafa a 1842 don kai Jamusawa Teksas, tana karɓar dala 120 daga mutum guda, iyali kuma dala 240, kuɗin da sai mai gona ko mai sana'a zai iya haɗawa. Kreische kuwa magini ne gwanin dutse. Cikin shekara uku, a 1849, ya sayi fili eka 172 a bakin kogin Kolorado. Jarinsa yana cikin hannunsa, kuma da shi ya gina gidan yarin gundumar Fayette da kotunta.

Ana kuma cewa Amurka ta tarbe su da hannu biyu. Jita-jita ce. A shekarar da Kreische ya iso, ɗaruruwan Jamusawa sun mutu da cututtuka a gaɓar Indianola da kan hanyar New Braunfels, saboda yaƙin Amurka da Meziko ya kwashe kekunan shanun da za su ɗebe su, ita kuma ƙungiyar da ta yi musu alkawarin gonaki ta karye a 1847. Can arewa, jam'iyyar masu ƙin baƙi da ake kira Know-Nothing ta sa su gaba. A 1855 an yi tarzoma a Shikago bayan hukuma ta tsauwala kuɗin lasisi ta kuma rufe mashayu ran Lahadi, ranar da Jamusawa ke taruwa da iyalansu. A 1862, lokacin yaƙin basasar Amurka, sojojin Kudu sun kashe Jamusawan Teksas da dama a kogin Nueces don sun ƙi yi wa ɓangaren masu bayi yaƙi. Sai dai kada wannan ya sa a wanke su tas daga bauta, kamar yadda wasu jikokinsu ke so. Galibinsu ba su mallaki bayi ba, gaskiya ne, amma ita kanta Adelsverein ta sayi gandun Nassau a 1843, a cikin wannan gunduma ta Fayette, kuma bayi ne suka noma mata shi.

Maganar cewa Jamusawa ne suka kai giya Amurka ba ta da tushe. Turawan Ingila da na Holan sun riga su da shekara ɗari biyu. Abin da Jamusawa suka kawo wajen 1840 shi ne nau'in da ake kira laga, wadda ba ta nuna sai an ajiye ta makonni a wuri mai sanyi. A nan ne labarin Kreische ya fi ba ni sha'awa, domin Teksas ƙasar zafi ce, kuma babu firji a lokacin. Sai ya nemi mafita da sana'arsa ta asali. Akwai kwazazzabo a ƙasan gidansa mai idon ruwa, ya fasa dutsen wurin ya gina masana'anta hawa-hawa a jikin gangaren, yadda ruwa da haɗin za su riƙa gangarowa da kansu daga mataki zuwa mataki ba tare da injin tura ruwa ba. A can ƙasa ya yi ɗakin ajiya mai rufin baka, inda kaurin dutse da ruwan marmaro ke riƙe sanyi. Duk wanda ya san yadda ɗakin ƙasa ke riƙe sanyi a watan bazara zai gane hikimar. Aikin magini ne daga tushe har sama, kuma ina ganin da ba don dutsen ba, da babu wanda zai tuna da giyar.

Shin dafa giyar ce sana'arsa tun farko? A'a. Ya shafe fiye da shekara goma yana gini da noma kafin ya shiga harkar sosai a shekarun 1860. Ya auri Josepha Appelt a 1855, suka haifi 'ya'ya shida, ya kuma faɗaɗa gidan dutsen har hawa uku. Irin wannan gida ba ya tsayuwa da hannu ɗaya: ga gona, ga dabbobi, ga ɗakin ƙyafe nama, ga gangunan da za a kai gari, ga baƙin da ke hawowa tsaunin duk lokacin da ya ɗaga tutarsa mai rubutun Jamusanci don sanar da cewa sabuwar giya ta nuna. Takardu sun rubuta sunan maigida, amma matar da yaran suna cikin aikin dumu-dumu. Zuwa 1879 masana'antarsa ce ta uku a girma a duk Teksas.

Sai maganar da ta fi kowacce yaɗuwa, wai dokar hana giya ta 1920 zuwa 1933 ce ta kashe irin waɗannan ƙananan masana'antu. Ga mafi yawansu, jita-jita ce. A 1873 Amurka tana da wuraren dafa giya 4,131, kuma kafin 1910 ba su kai rabin haka ba. Jirgin ƙasa da ƙanƙara ne suka cinye su, kuma wanda ya riƙe wuƙar ɗan'uwansu ne Bajamushe. Adolphus Busch, wanda ake kawo misali da shi a matsayin talakan da ya yi arziki, ɗan attajirin ɗan kasuwa ne daga yankin Mainz. Ya iso St. Louis a 1857, ya auri 'yar Eberhard Anheuser mai masana'anta a 1861. A shekarun 1870 ya fara ɗumama giyar kwalba bisa dabarar Pasteur don kada ta lalace, ya kuma sa taragu masu ƙanƙara suna kai ta har Teksas. Da dogo ya iso La Grange wajen 1880, sanyin da Kreische ya sha wahalar tonowa daga dutse ya zama abin da ake saukewa a tasha kowane mako.

Saboda haka zancen cewa 'ya'ya kan gaji sana'ar su mai da ita daula bai shafi wannan gida ba. Kreische ya rasu a 1882 bayan ya faɗo daga keken dokinsa, kuma zuwa 1884 an rufe masana'antar, shekara talatin da shida kafin dokar hanin. Iyalin sun ci gaba da zama a gidan suna cin moriyar filin, har 'yarsu ta ƙarshe, Julia, ta rasu a 1952. Gwamnatin Teksas ta karɓi wurin a 1977, ta haɗa shi da Monument Hill, kabarin sojojin Teksas da aka binne a tsaunin tun 1848, wanda ya faɗo cikin filin da Kreische ya saya.