Samarin Ɗaga Ƙarfe: Motsa Jiki Ne Ko Jaraba?

MINNA: Wanda ya yi sammako a Tunga ko Bosso ko Kpakungu da wuya ya rasa ganin samari a wani lungu suna ɗaga ƙarfe. Kayan aikin ba tsada: bututun ƙarfe guda da gwangwanaye biyu cike da siminti. Yawancinsu lafiyar jiki suke nema, su gama, kowa ya kama sana'arsa. Amma akwai wanda ba ya gamawa.

Shi wannan, ko da damtsensa ya kai cinyar wani, in ya dubi madubi ramamme yake gani. A 1993 wani likitan ƙwaƙwalwa na Jami'ar Harvard ta Amurka, Harrison Pope, da abokan aikinsa suka bincika masu gina jiki 108, suka tarar da ƙarti a cikinsu masu ganin kansu ƙanana, har suna gudun shiga jama'a don kunya. A 1997 suka ba ciwon suna nasa.

To, inda masana suka rabu shi ne: wane irin ciwo ne? A 2015 Mark Griffiths na Jami'ar Nottingham Trent ta Ingila da wasu masana biyu suka ce jaraba ce, watau ƙanwar caca. Hujjarsu kuwa ita ce tunanin tsoka yakan cinye wa mutum yini, nauyin da ya ɗaga jiya ba ya isarsa yau, in an hana shi kwana biyu sai fushi da rashin sukuni, ko kafaɗa ta goce ba ya fasawa.

Amma littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka na 2013 ya sa shi cikin dangin ciwon waswasi, ya bar caca ita kaɗai a layin jarabar da ba ta shaye-shaye ba. Masu wannan ra'ayi suna ganin ɗan caca daɗi yake bi, wannan kuwa tsoro yake gudu. Maganar tana da nauyi, ko da yake tsohon ɗan caca ma ba lalle daɗi ke mai da shi teburi ba.

Ɗan dako a kasuwannin Ikko ma yana da ƙwanji, haka ɗan dambe, amma ran hutu suna hutawa, su ci tuwo da kowa. Mai wannan ciwo yakan ƙi abincin gida, ya guje wa biki, ya yi sakaci da makaranta. Wani har ya kai ga allurar kumbura tsoka, wadda ke taɓa hanta da zuciya, ta kuma rage ƙwayar haihuwa.

Saboda haka uban da ke Ikko ko Badun yana aika kuɗi gida, ya tambaya abin da yaron ya bari saboda ƙarfen. In makaranta ce ko aiki, faɗa ba ya warkar da shi, balle mai kemis. Likitan ƙwaƙwalwa ake kai shi, inda ake haɗa zaman tattaunawa da magani.