Ajiyayyen Ƙarfi da Ƙarfin Motsi

Hausawa suna cewa, kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. Gaskiya ne, amma akwai abin tambaya a ciki. In yaro ya jefa dutse sama, dutsen yakan tashi da sauri, sa'an nan ya riƙa rage gudu har ya tsaya cak kamar ƙiftawar ido, kana ya juyo ƙasa. To, sa'ad da ya tsaya can sama, ina ƙarfin da aka jefa shi da shi ya tafi? Masana sun bincika, sun tarar ƙarfin nan bai ɓace ba, kama kurum ya sake.

A wurin masana, ƙarfi shi ne abin da ke sa a iya yin aiki, kamar ɗaukar kaya ko tura amalanke. Yana da iri iri, amma biyu daga ciki sun fi sauƙin ganewa. Na farko shi ne ƙarfin motsi. Duk abin da ke tafiya yana da shi, ko doki mai sukuwa, ko ruwan kogi, ko iska mai kaɗa itatuwa. Na biyu shi ne ajiyayyen ƙarfi, watau wanda ke kwance yana jiran ranar amfani, kamar hatsi a rumbu. Abu yakan same shi in an ɗaga shi sama, ko an ja shi, ko an tanƙwara shi.

Dutsen nan, da yana hawa, ƙarfin motsinsa ne ke komawa ajiyayye. Da ya juyo kuwa, sai ajiyayyen ya sake zama na motsi, shi ya sa yake ƙara sauri har ya bugi ƙasa. Haka mace mai daka take yi kullum. Takan ɗaga taɓarya, ta ajiye ƙarfi a cikinta, ta sako ta, ƙarfin ya sauka a kan gero cikin turmi. Maharbi ma in ya ja tsarkiya, baka ya tanƙwaru, ƙarfin damtsensa yana ajiye cikin bakan. Da ya saki, sai kibiya ta ɗauke shi ta tafi.

Ana auna ƙarfi kamar yadda ake auna hatsi da mudu. Sunan ma'auninsa jul, don tunawa da James Joule, wani masani mutumin Ingila, wanda aka haifa a 1818 ya rasu a 1889. In an ɗaga abu mai nauyin kilo 1 har tsawon mita 1, an ajiye wajen jul 10 a cikinsa. Saboda haka gugan ruwa mai kilo 10, in an jawo shi daga zurfin mita 10, yana ɗauke da wajen jul 1,000 a bakin rijiya. In igiya ta tsinke, duk wannan ƙarfi zai koma na motsi. Abin da ya sa ke nan masu haƙar rijiya ba su yarda yara su yi wasa a bakinta ba, gama ɗan dutsen da ba ya ji wa kowa ciwo a hannu yana iya fasa kan mutumin da ke can ciki.

Mutane sun koyi cin moriyar wannan al'amari. A Kainji an datse Kogin Kwara, an gama ginin madatsar a 1968. Ruwa ya taru a bayanta ya zama babban tafki, cike da ajiyayyen ƙarfi saboda tudun da yake. In an buɗe masa hanya, sai ya gangaro da gudu ya juya manyan injuna, su kuma su ba da lantarki.

Shi ƙarfin motsi, abu biyu ke ƙara shi, nauyi da sauri. Amma sauri ya fi nauyi haɗari. In an ninka nauyin abu sau biyu, ƙarfinsa ya ninku sau biyu. In kuwa saurinsa aka ninka sau biyu, ƙarfin ya ninku sau huɗu. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana da ƙarfin motsi ninki huɗu na lokacin da take gudun kilomita 40. In direba ya taka birki, sai ta ci ƙasa kamar ninki huɗu kafin ta tsaya. Don haka yaro mai hankali ba ya tsallake titi a gaban mota mai gudu yana cewa ai direba ya gan shi. Ko da ya gan shi, tsayawar ba a hannunsa kaɗai take ba.

To, in motar ta tsaya, ina ƙarfin ya tafi? Nan ma bai ɓace ba. Ya zama zafi a birki da taya, kaɗan kuma ya zama ƙara. Wanda ya taɓa murza tafin hannunsa da hunturu ya san motsi yana komawa ɗumi. Haka Allah ya tsara duniya: ɗan Adam ba shi da ikon halitta ƙarfi, ba shi da ikon hallaka shi, iyakarsa ya juya shi daga wata kama zuwa wata.

Tambayoyi

1. Wane irin ƙarfi ke cikin mangwaron da ke rataye a reshe?
2. In yarinya tana lilo, a ina ƙarfin motsinta ya fi yawa?
3. Don me mota mai gudu ba ta iya tsayawa nan take?