Zanen Hannu Da Hoton Kyamara: Da Wane Mudu Za A Auna?

A Dutsen Alhaji, cikin yankin Bwari na Abuja, kamar dai sauran garuruwan ƙasar nan, babban yabon da ake yi wa mai zana fuskar mutum shi ne a ce, "Kai, kamar hoto!" Mai son a zana shi ba safai yake zama gaban mai zane ba. Hoton da ke cikin wayarsa yake miƙawa, ya ce a kwaikwaya, in kuwa hanci ya ɗan kauce, to ciniki ya ɓaci.

Wannan mudu ya ɗaukaka waɗansu. A cikin shekarar 2019 wani saurayi a Kaduna, Eli Waduba Yusuf, ya zana ɗan wasan barkwancin nan na Amurka, Kevin Hart, da fensir, zanen da sai an ƙura ido ake gane ba kyamara ce ta ɗauka ba. Hart da kansa ya ce zai saya.

To, amma fa akwai abin dubawa. Idan kama kaɗai ake nema, kyamara ta gama aikin kafin ƙiftawar ido, kuma a kan kuɗi kaɗan. Mai zanen da ya kwana bakwai yana bin sawunta, da wace hujja zai nemi ladan kwana bakwai?

Gardamar ba sabuwa ba ce. Tun a 1920 Aina Onabolu, wanda ake ɗauka uban zanen zamani a Nijeriya, ya buga wani ɗan littafi a Ikko yana kare darajar zanen hannu a kan hoto. Alƙalan gasa ma ba su bar abin haka nan ba. Babban gidan ajiye zanen fuskoki na Ingila, da ke London, ya fara gasarsa a 1980, da sharaɗin cewa lalle mai zane ya zauna da mutumin ido da ido. Masu kyamara kuwa aka ware musu tasu gasar dabam. Watau abin da alƙali ke nema shi ne abin da mai zane ya karanta a fuskar mutum, kamar nauyin kai ko gajiya ko izza, wanda sai zama ya yi tsawo yake bayyana.

Shahararren mai zanen nan Ben Enwonwu ya zana wata gimbiyar Ife, Adetutu Ademiluyi, a 1974. Da aka yi gwanjon zanen a London a 2018, ya tashi a kan fam miliyan 1.2. Galibin masu tayin ba su taɓa ganin gimbiyar ba, balle su ce ya yi kama da ita ko bai yi ba.