Wayar Wuta: Nisa Shi Ke Zaɓen Kauri

Ƴan'uwa manoma na Gidan Sori da kewaye, yau gidaje da yawa sun sami farantin hasken rana da batir. Wani ya kunna fitila, wani ya ja waya zuwa lambu don ƙaramin famfo. Amma sau da yawa fitila takan dushe, famfo ya rasa ƙarfi, alhali batir cike yake. Laifin yakan kasance na waya ne.

Wuta cikin waya kamar ruwa ce cikin tiyo. Idan tiyo siriri ne kuma dogo, ruwa kaɗan ke isa fangali. Haka wuta take raguwa a hanya.

Ana sayar da waya da lamba: 1,5 da 2,5 da 4 da 6. Lambar tana nuna kaurin jan ƙarfen da ke ciki, ba na robar da ta rufe shi ba.

Ga misali. Famfo mai cin wat 60 yana nisan metir 20 daga batir mai volt 12. Wuta tana zuwa ta dawo, tafiyarta ta zama metir 40. Da waya mai lamba 1,5, fiye da volt 2 za su ɓata a hanya. Da mai lamba 6, abin da zai ɓata bai wuce rabin volt da ɗan kaɗan ba.

Wutar NIGELEC kuwa volt 220 ce. Aiki daidai wannan ba ya wahalar da lamba 1,5. Saboda haka wayar da ta wadatar a birnin Maraɗi tana iya kasawa ga mai batir.

Ku riƙe waɗannan:

1. Ku auna nisa kafin ku je kasuwa.
2. Idan nisa ya ninka, kauri ma ya ninka.
3. Ku ajiye batir kusa da abin da zai yi wa aiki.
4. Ku sa fiyus a bakin batir.
5. Idan waya ta yi zafi a hannu, ku kashe wuta, ku kira ma'aikacin lantarki.

Siririyar waya takan yi zafi har robarta ta narke. Kusa da jinka, danga ko rumbu, wannan gobara ce, musamman lokacin hunturu. Hatsin shekara ya fi kuɗin waya nesa ba kusa ba. Araha ba ta ado.